Core i5 Kaɗai Ba Ta Sa Kwamfuta Gudu

In ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ya shiga shago a Katsina neman laftof ta hannu, tambayarsa ba ta wuce biyu: "Core nawa ce? RAM ɗinta gig nawa?" Da an ce masa i5 ce mai gig 8, sai a shiga ciniki. Da wuya ka ji wanda ya tambayi saurin RAM ɗin, ko faɗin hanyar da ta haɗa ta da furosesa.

Furosesa tamkar magini ne mai zafin nama, RAM kuwa ita ce tarin bulo. Komai gwanintarsa, in ta ƙuntataccen lungu ake miƙo masa bulon, zaman jira zai yi. Furosesa mai gigahaz 3 tana bugawa sau biliyan 3 a daƙiƙa guda, amma kafin bayani ɗaya ya iso mata daga RAM sai ta yi ɗaruruwan bugu a banza. Shi ya sa ake dasa mata 'yar ma'ajiya a cikinta, don abin da take yawan nema ya kasance kusa.

A zamanin Pentium 4 da Core 2 Duo, bayanai sai sun bi ta wata hanya a kan madabod, wadda ake kira FSB, mai lambobi irin su 800 da 1066 da 1333. Kamfanin AMD ya maida mai kula da RAM cikin furosesar kanta a 2003, Intel ya biyo baya a 2008. Tun daga nan nauyin ya koma kan RAM.

RAM nau'in DDR3-1600 tana iya kwaso gigabait 12.8 a daƙiƙa, DDR4-3200 kuwa 25.6. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wanda ake sakaci da shi: RAM biyu masu gig 4 kowacce sun fi guda ɗaya mai gig 8 sauri, domin layi biyu suke buɗewa. Masu haɗa bidiyon biki da laftof marar katin hoto na daban su ne suka fi jin bambancin, tunda sashen hoton ma daga RAM ɗin yake ci.

Sai dai kada a ruɗe ka da babbar lamba. In ka haɗa RAM mai sauri da mai nawa, dukansu tafiyar mai nawar za su yi, kuma madabod ba ta wuce iyakar da aka yi mata. Kafin ka biya, ka ce wa mai shago: "Malam, don Allah buɗe mini Task Manager." A sashen Memory za ka ga saurin, da ramuka nawa ke ɗauke da RAM.