Yadda manyan kamfanonin kwamfuta ke durƙusar da ƙananan masu ƙirƙirar manhaja

A watan Yunin kowace shekara kamfanin Apple kan shirya babban taron masu rubuta manhaja a jihar Kalifoniya ta Amurka, inda yake bayyana sababbin abubuwan da zai saka a wayoyi da kwamfutocinsa.

Yayin da masu amfani da kayan kamfanin ke ɗokin jin abin da za su samu kyauta, wasu kuwa kan saurari taron ne gabansu na faɗuwa.

Waɗannan su ne masu rubuta manhaja masu zaman kansu, waɗanda sau da yawa mutum ɗaya ne ko 'yan abokai kaɗan. A wurinsu, sanarwa guda a taron na iya rufe sana'ar da suka shafe shekaru suna ginawa.

Kowace kwamfuta ko wayar zamani tana da babbar manhajar da ke tafiyar da ita, kamar Windows ta kamfanin Microsoft, da macOS da iOS na Apple, da kuma Android ta Google. Duk sauran manhajoji a kanta suke hawa.

Lamarin ya yi kama da na mai kasuwar da ya ba 'yan tireda hayar rumfuna, sannan ya kafa tasa rumfar a bakin ƙofa. Da zarar ya ga hajar da ta fi ciniki, sai ya fara raba irinta kyauta ga duk mai shigowa.

Labarin Watson da Sherlock

Wannan ɗabi'a har suna gare ta a tsakanin masu sana'ar. Sukan ce an yi wa wane "Sherlock", kuma sunan ya samo asali ne daga wani abu da ya faru a shekarar 2002.

Tun 1998 Apple yana da wata manhajar bincike mai suna Sherlock, wadda aka raɗa wa sunan shahararren jami'in binciken nan na littattafan Ingilishi, Sherlock Holmes.

A ƙarshen shekarar 2001 wani mai rubuta manhaja, Dan Wood, na ƙaramin kamfanin Karelia, ya fito da tasa manhajar, ya kira ta Watson, wato sunan abokin tafiyar Holmes a cikin littattafan.

Watson kan kawo wa mutum farashin hannun jari da lokutan tashi da saukar jiragen sama da jadawalin gidajen silima kai tsaye, ba sai ya yi ta yawo a shafukan intanet ba. Ana sayar da ita dala 29, kuma ta samu karɓuwa har Apple da kansa ya ba ta lambar yabo a 2002.

A watan Agustan wannan shekarar ne Apple ya fitar da sabuwar babbar manhajarsa, ɗauke da Sherlock ta uku, wadda ke yin kusan duk abin da Watson ke yi, kuma ba a biyan ƙarin ko kwabo.

A cewar Dan Wood, shugaban Apple na lokacin, Steve Jobs, ya kira shi ta wayar tarho, ya kwatanta shi da masu tura ɗan keken hannu a kan layin dogo, Apple kuma shi ne jirgin ƙasan da ya mallaki layin.

Masu kare Apple dai sun ce ai Watson ɗin ma daga Sherlock ta samo tunaninta, kuma dama can inda Sherlock ta dosa ke nan. Ko ma dai mene ne, a shekarar 2004 aka daina sayar da Watson.

Ba a daɗe ba aka sake yin irin haka da Konfabulator, wata manhaja da ke jera 'yan ƙananan abubuwa kamar agogo da hasashen yanayi a fuskar kwamfuta. Apple ya fitar da makamanciyarta mai suna Dashboard a 2005, kuma cikin 'yan watanni masu Konfabulator suka sayar da ita ga kamfanin Yahoo, wanda ya rufe ta a 2012.

Haka nan Growl, wadda wasu 'yan sa kai suka rubuta domin sanar da mai kwamfuta shigowar saƙo. Apple ya saka nasa tsarin sanarwar a 2012, kuma a watan Nuwamban 2020 jagoran aikin, Chris Forsythe, ya ba da sanarwar cewa sun ajiye shi.

Microsoft da kotuna

Ba Apple ne ya fara ba. A farkon shekarun 1990, lokacin da ma'ajiyar kwamfuta ke da tsada, kamfanin Stac Electronics ya yi suna da manhajar Stacker, wadda ke matse bayanai har ma'ajiya ta ɗauki kusan ninki biyu.

Microsoft ya tattauna da Stac, ba a daidaita ba, sai ga shi a 1993 ya saka irin wannan fasaha a cikin babbar manhajarsa ta MS-DOS 6.

Stac ya kai ƙara, kuma a 1994 wata kotu a Los Angeles ta umarci Microsoft ya biya shi diyyar dala miliyan 120. Abin da ya ceci Stac shi ne ya riga ya yi rajistar fasahar a matsayin ƙirƙirarsa.

Rikicin da ya fi shahara shi ne na Netscape, manhajar da akasarin mutane ke shiga intanet da ita a tsakiyar shekarun 1990. Microsoft ya haɗe tasa manhajar, Internet Explorer, da Windows, ta yadda duk wanda ya sayi kwamfuta zai tarar da ita a ciki.

Ma'aikatar shari'ar Amurka ta gurfanar da Microsoft a 1998. A shekarar 2000 alƙali Thomas Penfield Jackson ya ba da umarnin a raba kamfanin gida biyu, amma kotun ɗaukaka ƙara ta soke umarnin a 2001, aka kuma sasanta.

Kafin a kai ga wannan matsayi, bakin alƙalami ya riga ya bushe wa Netscape. Kamfanin AOL da ya saye ta ya daina kula da ita baki ɗaya a 2008.

A Turai ma, Hukumar Tarayyar Turai ta ci Microsoft tarar yuro miliyan 497 a 2004, inda ɗaya daga cikin laifuffukan shi ne haɗe manhajar kallo da sauraro ta Media Player da Windows. An tilasta masa fitar da nau'in Windows maras wannan manhaja, sai dai kusan babu wanda ya saye shi.

Me ya sa ƙarami ba ya iya ja?

Dalili na farko shi ne doka. Haƙƙin mallaka yana kare ainihin rubutun da aka gina manhaja da shi ne, ba ya kare tunanin da ke bayanta.

Saboda haka idan babban kamfani ya sa injiniyoyinsa suka rubuta tasu daga tushe, bai karya doka ba, ko da aikin da take yi iri ɗaya ne. Rajistar ƙirƙira irin wadda Stac ya yi kuwa tana cin kuɗi da lokaci, kuma kare ta a kotu ya fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya.

Na biyu shi ne halin ɗan Adam. Mutane ƙalilan ne za su nemi wata manhaja, su biya kuɗi, alhali ga wata a hannunsu kyauta, ko da kuwa ba ta kai waccan inganci ba.

Na uku, mai babbar manhaja yana da makullan ɗakunan da ba ya barin kowa ya shiga.

Manhajar f.lux, wadda ke rage hasken fuskar na'ura da daddare domin hutar da ido, misali ce a nan. A ƙarshen 2015 Apple ya sa masu ita suka janye ta daga iPhone, yana mai cewa hanyar da suke rarraba ta ta saɓa wa ƙa'idojinsa. A watan Maris na 2016 ya fitar da tasa mai suna Night Shift.

Na huɗu, a wayoyin salula mai babbar manhaja shi ne kuma mai kantin da ake sayar da manhajoji. Shi ke amincewa da abin da za a baje, yana karɓar kamasho, yana kuma ganin abin da ke tafiya a kasuwa.

A 2019 jaridar New York Times ta ba da rahoton cewa bayan da Apple ya fitar da tsarinsa na taƙaita lokacin amfani da waya, ya cire ko ya takura wa aƙalla 11 daga cikin manhajoji 17 da suka fi farin jini a wannan fanni da na sa ido kan yara.

Apple ya ce ya yi haka ne domin kare sirrin jama'a. Sai dai bayan ƙorafin kamfanin Kaspersky, hukumomin Rasha sun ci shi tarar kimanin dala miliyan 12 a 2021.

Ribar masu amfani

To amma ba a taru an zama ɗaya ba, domin masu amfani da na'urorin kan amfana.

A da, mai wayar zamani sai ya sauke wata manhaja ta daban kafin ya kunna tocila. A 2013 hukumar kula da harkokin ciniki ta Amurka ta samu masu wata shahararriyar manhajar tocila ta Android da miƙa wa 'yan talla bayanan wuraren da masu amfani da ita suke ba tare da saninsu ba.

Apple ya saka maɓallin tocila a iPhone a 2013, Google ma ya bi sahu a 2014. Da wuya a samu wanda zai so a koma gidan jiya.

Haka kuma a ƙasashe irin su Nijeriya, inda tsadar data ta sa jama'a suka saba tura wa juna bidiyo da karatu ta manhajoji irin su Xender, Google ya saka nasa tsarin tura kaya tsakanin wayoyi a cikin Android tun 2020, wanda yanzu ake kira Quick Share.

Kamfanonin kan kafa hujja da cewa babbar manhajar da ba ta ƙaruwa matacciya ce, kuma ba za su daina inganta kayansu don kawai wani ya riga su ba.

Masu suka kuwa na ganin abin ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ƙaramin mai ƙirƙira shi ke kasadar gwada sabon tunani da kuɗinsa. Idan ya faɗi, asararsa ce shi kaɗai, idan kuma ya yi nasara, babba ya ɗauke kasuwar.

Fargabarsu ita ce idan aka ci gaba a haka, masu basira da masu zuba jari za su guji duk wani fannin da ke kusa da manyan kamfanonin, kuma a ƙarshe su kansu masu amfani ne za su rasa sababbin abubuwa.

Ina mafita?

Wasu sun tsira ta hanyar zurfafa aikinsu fiye da yadda babban kamfani zai damu ya yi. Manhajar adana kalmomin sirri ta 1Password na nan da ranta, duk da cewa Apple ya saka nasa tsarin tun 2013, domin tana aiki a kan Windows da Android da kayan Apple baki ɗaya, tana kuma sayar wa ma'aikatu.

Kamfanin Astropad, wanda ke mayar da iPad allon kwamfuta na biyu, ya faɗaɗa zuwa Windows bayan da Apple ya fitar da Sidecar a 2019. Daga burbushin Netscape kuma aka gina Firefox, wadda ta fito a 2004.

Wasu kuma sayensu ake yi. Apple ya sayi manhajar hasashen yanayi ta Dark Sky a 2020. Masu ita sun samu kuɗi, amma masu wayoyin Android sun rasa ta a wannan shekarar.

A ɓangaren doka, Tarayyar Turai ta kafa sabuwar dokar kasuwannin intanet, wadda ta fara aiki a kan manyan kamfanonin a watan Maris na 2024.

Dokar ta hana su amfani da bayanan sirrin 'yan kasuwar da ke hulɗa da su domin yin gogayya da su, ta hana su fifita kayansu a jerin sakamakon bincike, ta kuma tilasta musu buɗe wa sauran masu manhaja ƙofofin da su kansu suke bi. Tarar saɓa mata na iya kaiwa kashi 10 cikin 100 na cinikin kamfani a duniya.

Sai dai dokar ba ta hana mai babbar manhaja ƙara mata sabon abu ba, ko da wani ne ya fara kawo shi.

Su ma manhajojin da suka kori wasu ba su dawwama ba. Apple ya cire Sherlock daga kwamfutocinsa a 2007, shekara uku bayan rufe Watson, sannan ya cire Dashboard a 2019.