Sanƙo Tun Yana Ɗanye: Gaskiyar Maganin Shafawa

A rumfar mai aski a Tasawa, saurayi ya tuɓe hula ya ɗaga madubi, sai ya ga goshi ya fara cin gaba, gashin tsakar ka ya yi shara-shara. Ranar kasuwa kuwa, a nan ko a Mayahi, mai tallar magani zai miƙo masa kwalba marar takarda, ya rantse masa cikin mako biyu suma za ta dawo.

Sanƙo gado ne, daga dangin uwa ko na uba. Hula da rawani ba su da laifi. Wani sinadarin mazantaka da ake kira DHT ne ke tsuke saiwar gashi sannu a hankali, har gashin ya sirance, ya daina fitowa. Shi ya sa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: saiwar da ta mutu ba mai tashe ta.

Maganin shafawa da bincike ya tabbatar shi ne minoxidil. Asalinsa ƙwayar hawan jini ce, sai likitoci suka lura masu shanta suna tsiro da gashi. A 1988 hukumar magunguna ta Amurka ta amince a riƙa shafa shi a ka. Safe da yamma ake shafawa, a busasshen kai. A makonnin farko zubar gashi kan ƙaru, kada a tsorata. Sai bayan wata 3 zuwa 6 ake ganin canji, ya fi kuma aiki a tsakar ka. In aka daina, cikin 'yan watanni gashin da aka samu zai zube.

Minoxidil yakan jawo ƙaiƙayi da amosani. Wanda ya ji bugun zuciya ko jiri ya dakata, ya ga likita. A ɓoye kwalbar, domin in yaro ya sha, jininsa zai faɗi. Akwai kuma finasteride na shafawa, wanda hukumar ta yi gargaɗi a kansa a 2025, kuma mai juna biyu kada ta taɓa shi.

Man kaɗanya yana tausasa fata, amma ba ya tsayar da sanƙo. In kuwa zubar ta zo tabo-tabo da ɓawo, wataƙila makero ne, maganinsa daban.

Ɗan'uwa, kafin ka kwance bakin aljihu, kai kanka asibitin gunduma a duba, ka sayi magani a farmasi. Kwalbar da ta kwana a rana bisa tabarma ba ta cancanci kanka ba.