Giram 2 cikin 100: lissafin da ke bayan bota, leda da magani

Ƙa'idar hukumar NAFDAC ta 2022 ta ce kitsen tirans da ke cikin man girki ko abinci mai maiƙo kada ya wuce giram 2 a kowane giram 100 na mai. Denmak ta sa wannan iyaka tun 2003, Afirka ta Kudu a 2011. Adadin ya shafi mai gidan burodi a Maiduguri da ke ɗaukar bota katan-katan daga Monday Market, ya shafi mai shayin da ke shafa ta a burodi da safe. Tushen tirans ɗin kuwa yana masana'anta, inda ake cusa iskar haidurojin cikin sinadarai. Alƙaluman da ke ƙasa suna nuna cewa shigar da iskar ba wuya ba ce. Wuyar ita ce ta shiga inda ake so kaɗai.

Kashi 25 zuwa 45 cikin 100

Haidurojin ba ya shiga mai da kansa. Sai an sa katalis, wato garin ƙarfe mai aikin dillali: ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, shi kuma ya koma jiran na gaba. Paul Sabatier na Faransa ya nuna a 1897 cewa nikel na yin wannan aiki, ya kuma samu kyautar Nobel a 1912. Wilhelm Normann na Jamus ne ya kai dabarar kan mai a 1902, ruwan mai ya koma daskararre.

Nikel yana aiki ne a zafi mai yawa, wajen digiri 150 zuwa 200. Idan aka tsayar da aikin a rabi don bota ta yi laushi, wasu ƙwayoyin man ba su karɓi haidurojin ba, sai dai sun juya siffa sun zama tirans. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce irin wannan mai kan ƙunshi kashi 25 zuwa 45 na tirans, kuma shawararta ita ce kada mutum ya wuce giram 2.2 a rana. A ɗauki mai mai kashi 30: giram 10 kacal na ɗauke da giram 3, an riga an zarce. A ƙarƙashin iyakar NAFDAC, giram 10 ɗin ba za su wuce giram 0.2 ba, sai mutum ya ci giram 110 kafin ya kai gejin.

Murabba'in mita 100

Katalis yana aiki da fuskarsa ta waje kawai. Abin da ke ciki zaman banza yake. Giram ɗaya na ƙarfen faladiyom, idan dunƙule ɗaya ne, faɗinsa bai kai milimita 6 ba, fuskarsa kuma ba ta cika murabba'in santimita ɗaya ba. A farfasa shi zuwa ƙwayoyi masu faɗin nanomita 5, fuskar ta kai kusan murabba'in mita 100, wato fili mai mita 10 tsawo da 10 faɗi. Ninki miliyan ke nan daga nauyi ɗaya. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. A ƙwaya mai atam 309, wadda faɗinta ya ɗan haura nanomita 2, atam 162 suna waje, fiye da rabi. Ƙarfe mai tsada irin faladiyom da filatinam, wannan lissafi ne ke sa masana'anta ta iya sayensa.

Daga 10,000 zuwa 5

Yawan fuska na ƙara sauri, amma sauri ba zaɓe ba ne. Ledar ruwa da jarka ana yin su da robar foliyetilin, irin wadda kamfanin Indorama ke sarrafawa a Eleme ta jihar Ribas. Iskar etilin da ake yin robar da ita tana fitowa da gaurayen asetilin kusan kashi ɗaya cikin 100, wato 10,000 cikin miliyan. Dole a sauko da shi ƙasa da 5 cikin miliyan, ragin ninki 2,000, ba tare da an taɓa etilin ɗin da ya ninka shi yawa nesa ba kusa ba. Ana yin haka ne ta cusa wa asetilin ɗin haidurojin, da katalis na faladiyom da aka sirka da azurfa, aka shimfiɗa a kan oksayid na alminiyom. Azurfar tana rage wa faladiyom zafin nama.

Kashi 5 cikin 100

Wannan dabara ta rage ƙarfi da gangan tsohuwa ce. A 1952 Herbert Lindlar, a birnin Basel na Suwizalan, ya bayyana katalis mai kashi 5 na faladiyom a kan alli, da ɗan dalma a ciki, domin haidurojin ya tsaya a mataki na farko. Da shi aka yi amfani wajen haɗa bitamin A a masana'anta, bitamin ɗin da doka ta wajabta a zuba a man girki da sukari da fulawa a Nijeriya. Aibinsa dalma guba ce, shi ya sa ake neman madadi.

1987 da 2006

Nan ne ƙwayoyin da suka haɗa ƙarfe da oksayid suka shigo. Oksayid ƙarfe ne da ya haɗu da oksijin, tsatsa ma ɗaya ce daga cikinsu. An daɗe ana ɗaukarsa a matsayin shimfiɗa kawai. A 1987 Masatake Haruta na Japan ya nuna cewa zinare, wanda aka sani ba ya shiga harkar kowane sinadari, idan aka mai da shi ƙwayoyi ƙanana a kan oksayid yana aiki har a sanyin da ya fi na ƙanƙara. A 2006 Avelino Corma da Pedro Serna a Balensiya ta Sifen suka ɗora zinare a kan oksayid na titaniyom. Suka ba shi sinadari mai ƙofa biyu da haidurojin zai iya shiga, fiye da kashi 90 ya bi ƙofar da ake so. Bayanin masana shi ne aikin yana faruwa a bakin iyaka, inda ƙarfe ya taɓa oksayid: oksayid ya riƙe sinadarin ta gefe ɗaya, ƙarfe ya raba haidurojin ya miƙa masa. Irin wannan mataki ne ake bi wajen samar da sinadaran rini da na magunguna, har da tushen farasitamol.

Abin da adadin bai faɗa ba

Ba waɗannan ƙwayoyi ne suka fitar da tirans daga bota ba. Masana'antu sun fi komawa ga daskarar da mai gaba ɗaya sannan su gauraya shi da ruwan mai, ko su tace ɓangaren manja mai daskarewa. Man gyaɗar da mata ke matsewa wajen yin ƙuli-ƙuli bai taɓa haɗuwa da haidurojin ba, wannan matsala ba tasa ba ce. Inda tambaya take shi ne daskararren man da ake sayarwa a awo, ba takarda ba suna. Ido da harshe ba sa bambance mai giram 2 da mai giram 30, sai na'urar gwaji. Saboda haka adadin da ya kamata a riƙa tambaya a Borno shi ne samfuri nawa aka ɗauka daga kasuwa aka auna a shekara, kuma nawa ne suka tsaya cikin iyaka.