Sabulun Kanti Ko Sabulun Salo: Wanne Ya Dace Da Askar Wanzami?

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya kwana a Machina daren Jumma'a, idan gari ya waye ya ɗan zaga, ba zai rasa ganin wanzami a gindin bishiya ko a zauren wani gida ba, ya shimfiɗa tabarma, ya buɗe zabira, ga wani magidanci ya sunkuyar da kai a gabansa. Haka abin yake a Nguru, haka kuma a Gashuwa. Kusa da gwiwar wanzamin akwai 'yar tasa da ruwa, da ƙyalle, da kuma wani ɗan guntun sabulu wanda ba kowa ke lura da shi ba. To, a kan wannan ɗan guntun sabulu za mu yi magana a wannan mako, domin sau da yawa shi ne ke raba tsakanin wanda ya tashi daga gaban wanzami kansa na sheƙi, da wanda zai kwana uku yana sosa ƙeya.

Maganar kuwa ta zo a kan kari. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, masu shagon aski da ke dogara da janareta suka ƙara kuɗi, shi kuwa wanzami ba ya bukatar lantarki ko fetur. Askarsa da ruwa da sabulu sun wadatar. Sai dai ya kamata mai karatu ya tuna cewa a wannan yanki, idan an ce aski, yawanci kai ake nufi, watau a yi ƙwal-kwabo, sa'an nan a yi gyaran fuska a daidaita saje da gashin baki. Gemu kuwa akasarin magidanta barin abinsu suke yi. Ke nan filin da sabulun zai rufe yana da faɗi, kuma askin yakan ɗauki lokaci.

Jama'a da yawa suna zaton aikin sabulu wajen aski shi ne wanke kai. Ba haka ba ne. Busasshen gashi yana da tauri ƙwarai, amma idan ya sha ruwa na minti biyu ko uku sai ya kumbura ya yi laushi, aska ta yanke shi ba da wahala ba. Ruwa ke yin wannan aiki. Abin da sabulu ke yi shi ne ya kawar da maiƙon da ke hana ruwa shiga gashi, kumfarsa ta riƙe ruwan kada ya bushe kafin aska ta iso wurin, sa'an nan ya ba fata santsi yadda bakin aska zai zame maimakon ya karce. Shi ya sa tsofaffin wanzamai suke iya yin aski da ruwa zalla, amma za ka ga sun daɗe suna murza kan da tafin hannu, suna ƙara yayyafa ruwa. A gari irin Machina, inda iskar hunturu ke busar da jiƙaƙƙen kai kafin a kai rabin aski, wannan riƙon ruwa shi ne ma'aunin farko da za a auna kowane sabulu da shi.

Na kanti

Sabulun kanti ya daɗe a wannan yanki. Kamfanin Lever Brothers ya kafu a Nijeriya a 1923, ya kuma gina ma'aikatar sabulu a Apapa ta Ikko. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Nguru daga Kano a 1930, garin ya zama matattarar gyaɗa da fatu da ƙaro da busasshen nama masu tafiya Kudu, taragun da suka kai su kuma suna komowa da kayan kanti, har da sabulu. Daga Nguru 'yan kasuwa ke yaɗa shi zuwa Machina da Gashuwa da ƙauyukan bakin iyakar Nijar. Daga baya kamfanin PZ ya shigo da nasa, irin su Canoe da Premier da Joy.

Amma duk waɗannan ba don aski aka yi su ba. Kowane sabulu, mai ne ko kitse aka dafa da wani sinadari mai kaifi. Idan da soda aka dafa, sabulun yakan fito da tauri, a yanka shi sanda-sanda, ya jure ajiya da tafiya. Irin wannan ne na wanki da na wanka. Kumfarsa manya-manya ce, tana tashi nan da nan, tana kuma mutuwa nan da nan. Wanzami zai shafa, ya aske gefe guda, ya waiwayo ya tarar ɗaya gefen ya bushe ya yi fari kamar an shafa alli. Na wanki ya fi muni, domin yana kwashe maiƙon fata gaba ɗaya, ya bar ta tana raɗaɗi. Na wanka mai ƙamshi ya ɗan fi sauƙi. Abin yabonsu guda shi ne, wanda ka saya yau daidai yake da wanda za ka saya a watan gobe, ba ya ba ka mamaki.

Arahar ma da ake yi masa kirari da ita ta fara zama tarihi. A 2023 kamfanin Unilever Nigeria, magajin Lever Brothers, ya ba da sanarwar daina harkar sabulun wanki da na wanka a ƙasar nan, a ƙarshen shekarar kuma Procter & Gamble, mai rezar Gillette, ya ce zai daina sarrafa kaya a Nijeriya ya koma shigowa da su. Darajar naira ta faɗi a wannan shekara, kuɗin duk abin da ke da alaƙa da waje ya tashi.

Na salo

Sabulun salo kuwa hanyarsa dabam ce. Ba da soda ake dafa na asali ba, da ruwan toka ne. A ƙasar Yarbawa da Gana, inda mafi yawan wanda ke kasuwanninmu yake fitowa, ɓawon koko da na ayaba ake ƙonawa, a tace tokar, a dafa ruwan da alayyadi ko man kaɗanya. A nan Arewa mata sukan ƙona karan gero ko na dawa, su dafa ruwan tokar da kitse ko man gyaɗa, suna juyawa har ya kama jikinsa. Sinadarin da ke cikin toka shi ne fotasiyam, kuma shi ke sa sabulu ya yi laushi, ya narke da sauri, ya yi santsi a hannu. Bugu da ƙari, tun da a tukunya aka dafa shi ba a raba komai ba, giliserin da ke fita daga man yana nan a ciki, shi kuwa yana taimaka wa fata ta riƙe damshi.

A nan ne abin mamaki yake. A Turai da Amurka akwai sabulun da aka yi musamman domin aski. Akwai masu araha na manyan kamfanoni, kamar Arko na Turkiyya da ake sayarwa a 'yar sanda, da Proraso na Italiya. Akwai kuma na hannu, wanda ɗaiɗaikun mutane ke dafawa kaɗan-kaɗan a gidajensu ko a ƙananan ma'aikatu, suna sayar da gwangwani ɗaya a kan kuɗin da zai sayi na kamfani da yawa. Wannan sana'a ta bunƙasa a cikin shekarun 2010, lokacin da wasu mazan can suka gaji da tsadar rezar zamani suka koma ga aska da buroshi irin na kakanninsu. Idan mutum ya karanta abin da aka rubuta a jikin gwangwanin na hannun, me zai gani? Kitsen shanu, fotasiyam, man kaɗanya, giliserin, sai turare. Watau kusan abin da tsohuwa ke haɗawa a bayan ɗaki a ƙasar Machina ko ta Bade. Man kaɗanyar ma daga Afirka ta Yamma ake kai musu, kuma Nijeriya na kan gaba wajen samar da ƙwallon kaɗanya a duniya, har gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyensa na wata shida a watan Agusta na 2025 domin a riƙa sarrafa shi a gida.

Amma kada mu yi saurin buga ƙirji. Bambanci biyu ne ke tsakani, kuma manya ne. Na farko, masu yin sabulun aski na can suna ƙara wani farin kitse mai tauri da ake kira sitiyarik, wanda shi ke sa kumfa ta yi kauri kamar kindirmo, ta zauna a fuska minti da yawa ba ta mutu ba. Kitsen shanu yana da nasa kason na wannan abu, alayyadi kuwa nasa kaɗan ne, shi ya sa salon da aka dafa da alayyadi zalla yake kumfa mai yawa marar nauyi. Na biyu, su da sikeli suke aiki. Suna auna mai, suna auna sinadari, suna barin ɗan rarar mai domin kada sabulun ya ci fata. Tamu tsohuwar da ido take aunawa, tokar bana kuma ba lalle ta yi ƙarfin ta bara ba. Tukunya ɗaya ta fito lafiya lau, ta biyu ta fito da kaifin da zai sa kai ya yi ja. Ga kuma yashi da burbushin gawayi da kan maƙale a ciki idan ba a tace tokar da kyau ba, wanda a wanka ba kome ba ne, amma a ƙarƙashin aska yana dakushe baki, yana kuma karce fata. Daɗin daɗawa, ba duk baƙin sabulun da ke kasuwa ne na toka ba. Wani da soda aka yi, aka rina shi.

Wanda ke sha'awar na wajen kuma ya lura da abu biyu kafin ya zuba kuɗinsa. Buroshin da ake tayar da kumfa da shi, da yawansa da gashin alade ake yi, ko da yake akwai na roba mai kyau. Kitsen kuma ba kullum ake faɗin na wace dabba ba ne.

Abin da na gani da kaina

Na yi Jumma'a huɗu ina zama gaban wanzami guda, kowane mako da sabulu dabam, kuma da askata. Da na wanki, sau uku aka sake jiƙa mini kai, na kuma yini ina jin kamar an ɗaure fatar da zare. Da na wanka abin ya yi dama-dama. Da sandar Arko, wadda wani ɗan'uwa ya kawo mini tsaraba, kumfar ta zauna daram har aka gama, ba a ƙara ruwa ba ko sau ɗaya, sai dai ƙamshinta irin na lemun tsami ya yi mini ƙarfi. Da na salo, santsin ya fi na kowanne, askar tana tafiya ba ƙara, amma kumfar ba ta jure iska kamar ta Arko ba, dole aka riƙa shafawa kashi-kashi. A ra'ayina, idan aka samu salo mai kyau, ya fi duk wani sabulun wanka na kanti dacewa da aska, bai kuma yi nisa da na waje ba. Matsalar ita ce samun mai kyaun.

Akwai dabarar gyara shi. A gutsuri kaɗan a jiƙa a ruwan ɗumi ya kwana, a tace da ƙyalle mai laushi domin yashi ya tsaya, a zuba ɗan man kaɗanya ko man riɗi, wanda ba ya wahalar samu a ƙasar Machina, a juya. Kafin a kai shi ga kai, a shafa a cikin hannu a jira kaɗan. Idan ya yi zafi, a bar shi ga wanki. Jariri kuwa, ranar suna, ruwan ɗumi ya ishe shi, domin gashinsa mai laushi ne, fatarsa kuma ba ta ɗaukar kaifin toka.

Ruwan ma yana da nasa hannu. Wasu rijiyoyin ruwansu na da gishirin ƙasa mai yawa, wanda ke kama sabulu ya sa shi tsinkewa ya yi ɗan fari-fari a saman tasa. A irin wannan ruwa ko sabulun mai tsada ba ya kumfa yadda ya kamata. Masu wanki sun san a jefa 'yar kanwa, amma wannan na tufafi ne, kada a kai shi kan da aska za ta bi. Tafasa ruwan a bar shi ya huce yakan rage matsalar.

Sai maganar ƙurajen aski, musamman na ƙeya da ƙarƙashin haɓa. Gashinmu murɗaɗɗe ne, idan aka aske shi ƙwarai, ko aka bi shi ta inda ya saɓa wa kwanciyarsa, tsininsa yakan lanƙwasa ya koma cikin fata. Sabulu mai santsi yana rage maimaita aska a wuri guda, alif da wanzamai ke shafawa bayan aski yana tsayar da ɗan jini, amma wanda ƙeyarsa ta riga ta yi tudu-tudu, asibiti ya kamata ya nufa, ya kuma dakatar da aska.

Abin da babu sabulun da zai iya, na kanti ne ko na salo ko na Turai, shi ne tsarkake askar da ta taɓa jinin wani. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini na aƙalla kwana bakwai, kuma binciken ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita, da yawansu ba su ma sani ba. Goge aska a ƙyalle ko a tafin hannu ba ya kashe ta. An sa allurar riga-kafinta cikin alluran jarirai a ƙasar nan tun 2004, amma magidantan da ke layi a gaban wanzami ranar Jumma'a akasari an haife su kafin wannan shekara. Wanzamai da yawa yanzu suna amfani da askar da ake sa wa rabin reza, a jefar bayan mutum guda. Wanda ya fi son askar maƙera ta gargajiya, sai ya sayi tasa, ya riƙa tafasa ta, ya tafi da ita tare da ɗan gwangwanin sabulunsa, wanzami ya wasa masa ita a gabansa.