Karayar ƙugu ga matasa: hiɗa rabin aiki ce, saura jinya

Idan aka ambaci karayar ƙugu, abin da ke zo wa mutane a rai shi ne tsohuwa da santsi ya kwashe a makewayi. Gaskiya ne cewa tsohwahhi ne suka hi yawa cikin masu wannan karaya, domin ƙashinsu ya yi rauni. Amma a ɗakunan masu karaya na manyan asibitocin Yamai, Maraɗi da Damagaram, ana iske waɗanda ba su ko kai shekara 40 ba: ɗan kabu-kabu da mota ta kaɗe, yaron mota da ya suɓuto daga bisa kamiyo, magini da tsani ya kayar. Ƙashin matashi ba ya karyewa da wasa, sai da bugu mai tsanani. Shi ya sa karayarsa ta bambanta da ta tsoho, haka ma jinyarta.

Ƙashin cinya shi ne mahi tsawo a jikin ɗan Adam. A samansa akwai wani kai mai kama da ƙwallo wanda ke juyawa cikin gurbin ƙugu, kuma ɗan siririn wuya ne ya haɗa kan da sauran ƙashin. Ƙananan jijiyoyin da ke kai wa wannan kai jini ta jikin wuyan suke bi. Idan wuyan ya karye kuma ya goce, jijiyoyin na iya tsinkewa ko su lanƙwashe, sai kan ya rasa jini, ya mutu sannu a hankali, daga bisani ya loɓa. Tun a 1961 likita Robert Garden na Ingila ya kasa wannan karaya gida 4 bisa ga yadda ta goce, kuma gwargwadon gocewa, gwargwadon haɗari.

Ga tsoho mai shekara 75 da karayarsa ta goce, likitocin hiɗa kan cire kan ƙashin su sa na ƙarhe. Ga matashi kuwa, ƙoƙarinsu shi ne su ceci ƙashinsa na haihuwa: a maida karaya wurinta, a ɗaure ta da kusoshin ƙarhe 3, ko da babbar kusa guda mai hwaranti. Dalili a hili yake. Ƙugun ƙarhe na zamani, wanda John Charnley ya kyautata a Ingila a 1962, yana da iyakar kwana. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna cewa wajen 58 cikin 100 ne ke kai shekara 25. Wanda aka sa wa shi yana ɗan shekara 30, da wuya ya kauce wa hiɗa ta biyu, wadda ta hi ta hwarko wahala da tsada.

Ceton ƙashin haihuwa ma ba kullum yake cin nasara ba. A 2015, Gerard Slobogean da abokan aikinsa sun tattara bincike 41 da suka shahi karaya sama da 1500 ga mutanen da ba su wuce shekara 60 ba. Sun iske cewa cikin kowace karaya 100 da aka ɗaure da ƙarhe, wajen 14 kan ƙashi ya mutu, wajen 9 ƙashi ya ƙi haɗewa, wajen 18 kuma sai da aka sake hiɗa. Ma'ana, mahi yawa sun warke, amma kusan mutum 1 cikin 5 ya koma bisa teburin likita.

A ƙasarmu akwai wani ƙarin cikas, wato jinkiri. Sau da yawa wanda ya karye wurin maɗori ake hwara kai shi. Sai dai wannan karaya tana can cikin gaɓa, ƙarƙashin tsoka mai kauri, inda hannu ba ya kai, karare da tsumma kuma ba su iya riƙe ta. Ja da murzawa na iya ƙarasa tsinke jijiyoyin da suka rage. Idan makonni suka shuɗe, wuyan ƙashin yakan zaizaye, ƙahwa ta gajarce, aikin da kusoshi 3 za su yi a makon hwarko ya koma babbar hiɗa. Alamun kuwa ba su ɓuya: ciwo a matsematsi, kasa tsayuwa, ƙahwar ta gajarta ta kuma juya waje. Wani ma, idan karayar ba ta goce ba, yana iya ɗingisawa, a ɗauka targaɗe ne. Hoton radiyo kaɗai ke raba gardama.

Game da rayuwa, akwai tazara babba tsakanin tsoho da matashi. Cikin tsohwahhi, tsakanin 20 da 30 cikin 100 kan rasu a shekarar da ta biyo bayan karaya. Matashi mai lahiya ba kasahwai karayar kanta ke kashe shi ba. Abin tsoro a kwanakin hwarko shi ne sauran raunukan haɗarin, a kai, ƙirji ko ciki. Daga nan sai gudan jini da kan daskare a jijiyar ƙahwa saboda doguwar kwanciya, ya ɓalle ya toshe huhu, da kuma ruɓar miki. Akwai kuma wani rukuni na dabam: wanda bai tsuhwa ba amma ƙugunsa ya karye daga ƴar hwaɗuwa a tsakar gida. Wannan alama ce ta wata cuta da ke cin ƙashi a ɓoye, kamar ciwon ƙoda, ciwon sukari, yawan shan giya ko daɗewa ana shan magungunan kortizon. Irin waɗannan sun hi sauran tsaransu haɗarin mutuwa a shekarun da ke biye, don haka wajibi ne a binciki tushen, kada a tsaya ga ƙashi kaɗai.

Jinya tana somawa tun washegarin hiɗa. Ana zaunar da majinyaci, a tashe shi bisa sandunan dogarawa cikin kwana 1 ko 2 idan hali ya yi, domin kwanciya ita ce abokiyar gudan jini. Yawanci likita kan hana ɗora wa ƙahwar cikakken nauyi har mako 6 zuwa 12, haɗewar ƙashi kuma kan ɗauki wata 3 zuwa 6. A wannan tsakani mai gyaran gaɓoɓi, wanda ake kira kine, shi ke maido da ƙarhin tsokar cinya da ta ɗuwawu, in ba haka ba ɗingishi ya zauna. Tsuguno da zama bisa tabarma su ne na ƙarshen dawowa, shi ya sa da yawa kan yi salla a zaune bisa kujera na wani lokaci. Taba tana rage jinin da ke kai wa ƙashi, tana jinkirta haɗewa. Shan tramadol ba da izinin likita ba, don a koma aiki da wuri, yana rufe ciwon da ya kamata ya zama gargaɗi.

Nan ne wuyar take, domin matashin da ya karye galibi shi ke ciyar da gida. Wata 3 ba aiki, ga kuɗin hiɗa da na magani, ga kuɗin mota zuwa asibiti mai nisa, duk suna tura shi ya hau moto tun ƙashi bai ƙosa ba. Dangin da suka yi karo-karo don a biya hiɗa, ya kamata su san cewa ɗawainiya ba ta ƙare ranar sallama ba. Hatsin da za su kai gidansa cikin waɗannan watanni yana cikin magani.

Abu na ƙarshe shi ne komawa ganin likita. Mutuwar kan ƙashi ba ta bayyana nan take, tana iya ɗaukar shekara 2 ko hiye kahin ta nuna kanta, lokacin da mutum ya daɗe da yar da sanda. Masu amosanin jini sun hi buƙatar kula, tun da cutarsu ita kanta tana toshe waɗannan jijiyoyi. Duk wanda ciwon matsematsi ya dawo masa bayan ya warke, ya ɗauki tsohohin hotunansa na radiyo ya koma asibiti ba da ɓata lokaci ba. Idan aka gano matsala da wuri, likita na da sauran dabara. Idan aka bari kan ƙashi ya loɓa, ƙugun ƙarhe kaɗai ya rage.