Wa Ke Ɗaukar Nauyin Iyalin Da Suka Zo Aikin Mishan Daga Ƙasar Waje?

TAMBAYA: Wannan takarda ta fito ne daga wani mai sauraronmu, manomi kuma mai sayar da wake a kasuwar Gombi. Yana cewa, a wani gari kusa da su an yi baƙi, Bature da matarsa da 'ya'ya biyu ƙanana, an ce sun zo aikin coci. Yana so ya sani, shin gwamnatin ƙasarsu ce ta turo su? Wa ke ciyar da su, tunda ba noma suke yi ba, ba su da rumfa a kasuwa? Kuma yaushe aka fara irin wannan zuwa a yankinsu?

AMSA: To malam, mun gode da wannan takarda. Bari mu fara da ta farko, don ita ce ta fi yawo a bakin mutane. Ba gwamnati ce ke turo su ba. Iyali irin wannan, coci ne ko wata ƙungiyar mishan ke aiko su, kuma kuɗin abincinsu da na jirginsu daga baikon masu zuwa sujada a can ƙasarsu yake fitowa. Wasu ƙungiyoyin suna yanka wa ma'aikaci albashi. Wasu kuwa sai mutum ya bi majami'u ɗaya bayan ɗaya yana bayyana aikin da zai je yi, wannan ya ɗauki alkawarin ba da kaza duk wata, wancan ma haka, har abin ya kai yadda zai riƙe gida. Wannan yawo kaɗai yakan ci shekara ko fiye. A zamanin yanzu kuma ba a zuwa haka kawai. Yawanci cocin da ke nan ƙasar ne ke gayyata, sannan a nemi takardar izinin zama daga hukumar shige da fice, kamar kowane baƙo mai aiki.

Batun yaushe aka fara kuwa, ai kai gida ka tambaya, don tarihin yana nan kusa da kai a Garkida.

A ƙarshen shekarar 1922 wasu samari biyu 'yan Amurka, Stover Kulp da Albert Helser, suka sauka a Ikko. Ɗarikar da ta aiko su ana ce mata Church of the Brethren, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa. An kafa ta a Jamus a 1708, daga baya mabiyanta suka yi ƙaura zuwa Amurka, akasarinsu kuma manoma ne. Shi kansa Kulp ɗan gidan noma ne daga jihar Pensilbaniya. Duk su biyun suna da aure, amma suka bar matan a baya, sai sun sami wurin zama tukuna.

Samun wurin bai zo da sauƙi ba. Tun lokacin da Turawan mulki suka ci ƙasar nan, Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, saboda haka Razdan da Di'o ba sa barin 'yan mishan su kafa tasha a garuruwan sarakunan Musulmi yadda suka ga dama. Mutane da yawa suna zaton Baturen mulki da Baturen mishan bakinsu ɗaya. Sau da yawa ba haka ba ne, har jayayya suke yi. Su Kulp Biu suka nufa, ba a ba su zama a can ba, sai suka gangaro Garkida a bakin kogin Hawul, cikin Burawa. Ran 17 ga Maris 1923 suka yi sujadarsu ta farko a gindin wata tsamiya. Wannan rana ita ce cocin ke lissafawa a matsayin ranar kafuwarsa har yau.

Kafin shekarar ta ƙare matan suka iso, Ruth matar Kulp da Lola matar Helser. Ka tuna fa, lokacin babu kwalta, babu mota mai zuwa Garkida. In an sauka daga jirgin ƙasa, saura sai doki da ƙafa, 'yan alaro na ɗauke da akwatuna, kwana da kwanaki. Ga zazzaɓin cizon sauro, wanda maganinsa a lokacin kinin ne kawai, ana sha kullum kamar abinci. A 1924, ba ta ma cika shekara a ƙasar ba, Ruth ta haihu, ita da jaririn duka suka rasu. A nan Garkida aka binne su. Asibitin da aka gina a garin daga baya sunanta aka sa masa.

Wani zai ce ai daga nan sai mutum ya tattara ya koma gida. Kulp bai bar aikin ba. A 1926 ya auri wata 'yar mishan mutuniyar Sikotlan, Christina Masterton, suka je suka buɗe sabuwar tasha a Lassa cikin Margi. Ya yi shekara 40 yana wannan aiki, ya rasu a 1964. Makarantar koyar da fastoci da ke Kwarhi kusa da Mubi sunansa take ɗauke da shi. Shi kuwa Helser daga baya ya koma ƙungiyar SIM, wadda ta haifi cocin ECWA, har ya zama shugabanta.

To me iyali irin wannan ke yi in sun iso? Aikin farko koyon harshe ne, kuma shi ne mai wuya. Su Kulp sun tarar ba a rubuta harshen Bura sosai ba, sai da suka zauna da mutanen gari suna tambayar sunan kowane abu suna rubutawa, kafin su iya fassara littattafan addininsu. Waɗanda suka zo bayansu yawanci Hausa ake fara koya musu, musamman bayan da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Sannan sai makaranta da ɗakin magani. Matar gida ba zaman kallo take zuwa yi ba. Sau da yawa ita ce malamar aji, ita ce ungozoma, ita ce mai koya wa mata ɗinki da karatu, ga kuma nata 'ya'yan. A Garkida har sansanin kutare suka buɗe, mutane na zuwa daga nesa neman magani, Musulmi da Kirista da masu addinin gargajiya. Irin wannan aikin kuturta ne ma ya sa daga baya aka bar 'yan SIM suka yi aiki a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato.

Sai dai kada mu ɓoye maka, su da kansu ba sa ɓoyewa: manufarsu ta asali ita ce yaɗa addinin Kirista. Makaranta da asibiti suna tafiya tare da wa'azi ne. Wannan ne ya sa wasu iyaye a da suka ƙi kai 'ya'yansu makarantar mishan, wasu kuma suka kai. Kowa da abin da ya auna.

Ka ambaci 'ya'ya biyu ƙanana. A ganinmu nan ne nauyin ya fi yawa, domin yaro ba a shawarce shi ba aka kawo shi. A da, yaro na kai shekarun shiga aji sai a raba shi da uwarsa a kai shi makarantar kwana. Saboda haka ne wannan ɗarika ta buɗe makarantar Hillcrest a Jos a 1942. Yaron da iyayensa ke Lassa ko Garkida sai hutu zai gan su. Da yawa daga cikinsu sun tashi suna jin Hausa da Bura kamar 'yan gari, in an koma da su Amurka kuma su zama baƙi a can. Yanzu wasu iyayen a gida suke koyar da nasu.

Wani abin da ya shafe ku manoma kai tsaye: zazzaɓin Lassa da kuke ji a rediyo, daga sunan wannan gari aka samo shi. A 1969 wata nas 'yar mishan mai aiki a asibitin Lassa ta kamu da wata cuta da likitoci ba su gane ba, aka kai ta Jos, ta rasu a can. Bincike ya nuna ɓera ne ke ɗauke da ƙwayar cutar, yana barin ta a abinci ta fitsari da kashi. Don haka a rufe rumbu da tukunya, kuma a yi hattara da shanya a bakin hanya.

Yau al'amarin ya juya. Tun 1972 ragamar cocin ta koma hannun 'yan ƙasa, sunansa Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, hedkwatarsa a Kwarhi, kuma mabiyansa sun ninka na uwar ɗarikar da ke Amurka. Ya sha wuya a rikicin Boko Haram: akasarin 'yan matan Chibok da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yan wannan coci ne, a watan Oktoba na shekarar aka mamaye Kwarhi har shugabanni suka koma Jos na ɗan lokaci, a Fabrairun 2020 kuma aka kai wa Garkida hari. A 2023 suka yi bikin cika shekara 100.

Saboda haka baƙin da ka gani, mai yiwuwa ba su zo kafa sabon abu ba ne, ƙarƙashin shugabannin coci 'yan ƙasa za su yi aiki, ko koyarwa, ko asibiti, ko fassara. In kana son sanin wace ƙungiya ce ta aiko su, faston cocin garin zai faɗa maka, mai unguwa ma ya kamata ya sani, tunda ba a saukar baƙo a gari ba da saninsa ba.