Lodin Ma'adinai a Tsakiyar Teku: Riba da Haɗarin Fiton Boksait a Gini

Ƙasar Gini ce kan gaba a duniya wajen fitar da boksait, jan dutsen da ake sarrafawa a samu alminiyam, kuma mafi yawansa ƙasar Sin ake kai shi. Sai dai gaɓar tekun ƙasar ba ta da zurfi, bakin koguna ne da laka. Babban jirgin dakon ma'adinai, irin wanda ake kira Capesize, yakan ɗauki kimanin tan dubu 180, kuma idan ya cika, cikinsa na nutsewa kusan mita 18. Irin wannan jirgi ba ya iya matsowa gaɓa. Yashe masa hanya kuwa aiki ne na maƙudan kuɗi, ga shi kogi ba ya fasa mayar da lakar da aka kwashe.

Shi ya sa aka koma ga fito. Tun 2015, lokacin da gamayyar SMB-Winning ta fara fitar da boksait daga yankin Boke, ana loda shi ne a tashoshin kogin Nunez cikin ƙananan jirage masu shimfiɗaɗɗen ciki, a ja su zuwa inda babban jirgin ya jefa anga, sannan ƙugiya mai iyo a kan ruwa ta riƙa kwasa tana juyewa. Aikin tama na Simandou, wanda aka ƙaddamar a Nuwamba 2025, shi ma da irin wannan fito aka tsara shi daga tashar Morebaya.

Haɗarin da ido ke gani sananne ne. Jirage biyu ko uku suna jingine da juna, kowanne da yadda raƙuman ruwa ke jujjuya shi. Manyan robobi masu iska ne ke hana su gogar juna, kuma igiyar ɗauri idan ta tsinke tana iya kashe mutum nan take. Dole a bi tsari wajen cika rumbunan jirgin, ana zuba kaya ana fitar da ruwan da ke daidaita shi, domin nauyin da ya taru wuri guda kan lanƙwasa ƙarfen jirgi. Awo ma aiki ne: da zurfin nutsewar jirgi ake lissafa nauyin kaya, kuma karanta alamar a ruwa mai tangaɗi yakan haifar da gardama tsakanin mai saye da mai sayarwa.

Babban haɗarin kuwa a ɓoye yake, wato danshi. Idan garin ma'adini ya sha ruwa fiye da kima, girgizar inji da kaɗawar teku sukan matse shi har ruwan da ke tsakanin ƙwayoyinsa ya taso. Kayan da aka zuba tsibi guda sai ya koma kamar kunu, ya malala gefe ɗaya ya ƙi dawowa, jirgi ya karkace ya kife cikin 'yan mintoci. Haka aka yi hasarar jirgin Bulk Jupiter ranar 2 ga Janairu 2015 a kusa da Biyetnam, ɗauke da tan 46,400 na boksait. Cikin ma'aikata 19, mutum ɗaya ne ya tsira. A tashar Kuantan ta Malesiya aka loda shi, a lokacin ruwan sama mai yawa. Idan haka ta faru da kayan da aka loda a tasha, ina ga lodin da ake yi nesa da ɗakin gwaji, da kayan da suka yi sa'o'i a buɗaɗɗen jirgin fito cikin daminar Gini, wadda a Yuli da Agusta ba ta ɗagawa?

Ƙa'idar IMSBC ta Hukumar Sufurin Jiragen Ruwa ta Duniya, wadda ta zama tilas tun 2011, ta wajabta a auna danshin irin wannan kaya cikin kwana 7 kafin lodi, a sake awo idan ruwa mai yawa ya sauka a kansa. Daga 2021 aka shigar da garin boksait cikin kayan da danshi ke mayarwa haɗari. Matuƙa suna da nasu gwajin: a cika rabin gwangwani da ma'adinin, a buga shi a kan ƙarfe sau 25, idan ruwa ya taso a dakatar da lodi. Amma rashin ganin ruwa ba shaida ba ce cewa kayan lafiya lau yake.

Abin da ke karya waɗannan ƙa'idoji shi ne gaggawa. Kowace ranar jinkiri tana da tararta, kuma kyaftin ɗin da ya ce a tsaya yakan sha matsin lamba daga masu kaya. Fito ya buɗe wa Gini kasuwa ba tare da jiran gina tasha mai zurfi ba, wannan gaskiya ne. Amma wajibi ne hukumomi su kai masu bincike har inda jiragen ke jefa anga, kamfanoni kuma su mara wa duk kyaftin ɗin da ya ƙi karɓar jiƙaƙƙen kaya baya. Biyan tarar jinkiri ya fi biyan diyyar rayuka sauƙi.